Kiɗan sadaukin fim: hanyar John Williams ko ta Hans Zimmer?

Sadauki ɗaya ne, Superman, amma mutum biyu suka yi masa kiɗa da tazarar shekara 35 a tsakani. John Williams, Ba'amurke haifaffen 1932, ya yi wa fim ɗin Richard Donner na 1978. Hans Zimmer, Bajamushe haifaffen Frankfurt a 1957, ya yi wa Man of Steel na Zack Snyder a 2013. Duk wanda aka damƙa wa aikin kiɗan wani fim, ko katun, ko shiri mai dogon zango da ke da gwarzo mai ƙarfin da ya wuce na mutane, zai tsinci kansa a kan ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Gara ya zaɓa ido buɗe, domin kowace hanya da kuɗin da take ci, da irin fim ɗin da take so, da kuma inda take kayar da mai bin ta.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane abin da Williams yake yi. A filin dambe, kafin ɗan wasa ya shigo, makaɗi zai saki takensa a kalangu, jama'a su san wanda ke tafe tun ba su ga fuskarsa ba. To, haka Williams yake tunani. Kowane muhimmin abu a fim yana da takensa. A fim ɗin 1978 akwai taken sadaukin kansa, akwai na duniyar Krypton inda aka haife shi, akwai na ƙauyen Smallville inda ya tashi, akwai na soyayyarsa da Lois Lane, sannan akwai na miyagu, wanda aka ɗora wa babban ƙahon tagulla mai kaurin murya har ya fito da ɗan ban dariya. Take biyar ke nan, kuma kowanne mutum zai iya fita daga silima yana rera shi da baki.

Taken sadaukin shi kansa kashi uku ne, kuma a nan dabarar take. Na farko busa ce gajera ta begila, wadda ke tsalle daga do zuwa so (sauti na ɗaya da na biyar a jerin do-re-mi), wato irin buɗaɗɗen tsallen da ƙaho yake yi da kansa ko ba a taɓa maɓalli ba. Na biyu wani bugu ne mai tafiya uku-uku a ƙasa, kamar sukuwar doki, wanda ba shi da kari sosai, aikinsa kawai ya ce wani abu na nan zuwa. Na uku shi ne cikakken maci. Cikin busar akwai sauti uku da suke faɗuwa daidai kan gaɓoɓin sunan, Su-per-man, har Donner ya sha faɗin cewa kiɗan yana kiran sunan da bakinsa. Amfanin rabawar shi ne ana iya ba mai kallo kaɗan-kaɗan. A dubi fitowar jirgi mai saukar ungulu, bayan fim ya haura awa ɗaya. Lois tana reto daga saman bene, Clark Kent, wato Superman cikin shigar ɗan jarida, yana neman inda zai sauya kaya. Bugun nan na ƙasa ne ke fara motsi yana hawa. Da ya buɗe rigarsa alamar ƙirji ta bayyana, sai busar ta fito. Cikakken macin kuwa sai an ja wa mai kallo rai, an bari aikin ceton ya kankama. Mai kallo ya san wannan kiɗa tun daga rubutun farkon fim, inda aka kaɗa masa shi na wajen minti biyar, saboda haka dawowarsa tamkar cika alkawari ce.

Wannan salo yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba a hannun mai kiɗa yake ba. Idan kiɗa yana tafiya bugu 120 a minti, gida ɗaya mai bugu huɗu daƙiƙa biyu ne, kari mai gida takwas kuwa daƙiƙa 16. Ana bukatar daƙiƙa 16 da babu doguwar magana, babu fashewar bam, kuma edita bai yanka hoton gunduwa-gunduwa ba. Darakta da ba zai bayar da wannan fili ba, ko da an rubuta masa kari mai daɗin gaske, abin da zai isa kunne guntaye ne. Don haka tun ranar da aka zauna kallon fim don tsayar da inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, mai bin hanyar Williams ya ƙirga wuri nawa aka bar masa. In bai samu uku ko huɗu masu tsawon nan ba, ya sake shawara.

Yadda Williams yake aiki ma na da ne. Fensir da takarda a gaban fiyano, bayan an kusa kammala haɗa hoton, yana rubuta abin da kowane rukuni zai kaɗa, sannan masu taya shi su baje rubutun ga kowane makaɗi. Kiɗan Superman, London Symphony Orchestra ce ta kaɗa shi, shi kuma yana tsaye gabansu da sanda. Irin wannan gangami ya kan kai mutum 80 zuwa 100. Masu goge kaɗai wajen 60 ne: 16 a sahun farko, 14 a na biyu, 12 masu matsakaicin goge, 10 masu celo, wato goge mai kaurin murya da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, 8 masu babban goge na ƙasa. Sai masu busa na katako, da masu ƙahon tagulla goma sha wani abu, da masu ganguna. Dukkansu a ɗaki ɗaya, a lokaci ɗaya, suna jin juna.

Zimmer daga wata ƙofa ya shigo. Bai yi doguwar makarantar kiɗa ba, ya taso ne cikin na'urorin haɗa sauti da kiɗan zamani, kuma kwamfuta ce takardarsa. Tambayar da yake farawa da ita ita ce wane irin sauti ne ba a taɓa ji ba sai a wannan fim, kari ya biyo baya. A Batman Begins na 2005, wanda ya yi tare da James Newton Howard, taken Batman sauti biyu ne kacal, ɗan hawa daga la zuwa do a bakin ƙahoni, a kan goge masu maimaita gajeren bugu, ga kuma wani amo kamar kaɗa manyan fukafukai. An yi hakan da gangan, domin mutumin da ke cikin fim ɗin bai gama zama gwarzo ba, bai kai a yi masa cikakken take ba. A The Dark Knight na 2008 ya ƙara matse abin. Joker, mugun fim ɗin, ya samu sautin celo guda da Martin Tillman ya ja, yana miƙewa yana hawa a hankali kamar wayar da ake ɗaurewa har ta kusa tsinkewa, an cakuɗa shi da ƙarar reza a kan tsirkiya. Ba mai iya rera wannan a hanya, amma da ya fara, cikin mai kallo ya ɗuri ruwa tun Joker bai bayyana ba. A fim ɗin Batman na uku, 2012, mugun fim ɗin, Bane, ya samu kirarin taron jama'a mai bugu biyar-biyar, kuma an tattara muryoyin masu sha'awa ta intanet aka tara su a kai.

Da ya zo kan Superman, Zimmer ya kauce wa begila da maci gaba ɗaya. Clark Kent ya samu ɗan kari mai sauƙi a kan fiyanon gida, irin wanda ake jingina da bango, ba babban fiyanon dandali ba, saboda a ji ɗan manomi na Kansas. Ƙarfin kuwa ya ɗora shi a kan ganguna. Ya tara fitattun masu ganga fiye da goma a ɗaki ɗaya, cikinsu har da Sheila E. da Jason Bonham da Pharrell Williams, suna bugu tare. Ya kuma tara masu jita irin ta kwance da ake goga wa ƙarfe, wadda aka fi sani a kiɗan karkarar Amurka, ya sa suka yi aikin da aka saba ba masu goge. A fitowar da Superman yake koyon tashi sama, inda ya dafa ƙasa da dunƙulen hannu ƙanƙara ta fara rawa a gefensa, abin da ke ɗaga mai kallo shi ne tarin da ake yi: bugu ɗaya yana maimaituwa, ana ɗora masa hawa kan hawa, har ƙirji ya cika. Karin yana nan, yana da tsalle masu faɗi zuwa sama, sai dai gajere ne, kuma ba ya yawo daga wannan ma'auni zuwa wancan kamar na Williams.

Tsarin aikinsa ma ya bambanta. Ya kan rubuta doguwar jimla ta ra'ayoyi tun kafin a gama haɗa hoto. Ta Man of Steel ta kai wajen minti 28, an ma fitar da ita a faifai. Edita ya ɗauki guntayenta ya yanka hoto a kai, sannan ƙungiyarsa ta Remote Control a Santa Monica ta daidaita su da kowace fitowa. Aikin gayya ne. Sunaye biyar aka rubuta a takardar kiɗan The Dark Knight, abin da ya sa masu kyautar Oscar suka fara cire shi daga takara a ƙarshen 2008, daga baya suka janye hukuncin. Wanda yake ganin Zimmer shi kaɗai ne da kwamfutarsa a ɗaki bai ga masu tsara sauti, da masu ƙarin rubutu, da masu haɗawa da ke bayansa ba.

Yanzu ga wanda yake zaune a situdiyo a Kano ko Kaduna ko Maraɗi, da laftof da fiyano mai maɓalli 61 da manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase. Abu na farko da zai lura shi ne kwamfuta tana kwaikwayon Zimmer cikin sauƙi, tana kuma tona asirin mai kwaikwayon Williams. Dalilin a fili yake. Gajerun bugu na goge, ganguna, da dogon amo na na'ura, duk sautuka ne da ake ɗauka ɗaya-ɗaya a ajiye, kuma in an jera su ba a rasa komai ba. Kari a bakin begila kuwa rayuwarsa tana tsakanin sauti da sauti: yadda mai busa yake zamewa daga wannan zuwa wancan, yadda ƙarfen yake ƙara kaifi in ya matsa iska, inda yake tsayawa ya ja numfashi. Kurakuran da aka fi yi uku ne. Ana barin begila ta yi gida takwas ba numfashi, abin da ƙirjin ɗan Adam ba zai iya ba, kunne kuma ya gane nan take. Ana barin ƙarfin sauti a layi ɗaya, ba a murza ɗan gargaren gefen fiyano da ke sa shi kumbura ya sassauta. Sannan ana danna sauti uku lokaci guda da muryar da aka ɗauka daga masu goge 16, sai ta koma 48, ta yi kauri kamar ta tsohon fiyanon biki. Maganin na ukun shi ne a raba haɗin, kowane sauti a ba rukuninsa. Akwai kuma ciwon da masu aikin ke kwatantawa da harbin bindiga mai sarrafa kanta, wato sauti ɗaya yana maimaituwa babu ko ɗan bambanci. Wannan ya fi kama mai bin Zimmer, saboda bugunsa na maimaici ne. A nemi tarin sautin da ya ɗauki kowane bugu sau da yawa yana juya su, a kuma bambanta ƙarfin dannawa, na farkon gida ya fi sauran.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya bi Zimmer. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: a ina za a kalli fim ɗin? Kiɗan Zimmer an gina shi ne don babban ɗakin silima mai lasifikar ƙasa da ke girgiza kujera. Babban kaso na ƙarfinsa yana zaune a ƙasa, tsakanin hertz 30 zuwa 100 (hertz shi ne awon kauri ko sirantar sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri). Lasifikar waya ba ta fitar da wannan yanki, haka ƙaramar talabijin. Mai kallon da ke riƙe da waya a shago ko a zaure, abin da zai ji daga waccan gagarumar ganga ɗan ƙwas-ƙwas ne na saman fata, sauran ya tafi. Begila da sarewa da goge na sama kuwa a tsakiya suke, daga 'yan ɗaruruwan hertz zuwa dubbai, daidai inda waya take da baki. Taken Williams ko a rediyon hannu ya fito ana gane shi, domin abin da ke ɗauke da shi jerin sautuka ne da tsawonsu, ba girman amo ba. Wannan, a ganinmu, shi ne babban dalilin da zai sa mai yi wa masu kallon YouTube kiɗa ya yi wa hanyar Zimmer kallo biyu kafin ya rungume ta.

Gwajin ba shi da wuya. A mayar da kiɗan murya ɗaya maimakon hagu da dama, a yanke duk abin da ke ƙasa da hertz 250, a saurara. Ko kuma a tura shi waya mai araha a kunna a tsakar gida. In fitowar ta mutu, to nauyinta a ƙasa yake. Ana iya ceto wani abu: a ɗan ƙona sautin ƙasan da na'urar ƙara kaushi, don ya haifi 'ya'yansa na sama. Sauti mai hertz 55 yana haifar 110, 165, 220, 275, kuma in waɗannan sun fito, kunne yana cike gurbin uwar da kansa. A kuma ninka layin ƙasan da celo ko ƙaho hawa ɗaya ko biyu sama. Amma ceto ne, ba ya mayar da girgizar kujera.

Wajen magana kuwa Zimmer ne ke da rinjaye, kuma finafinanmu masu yawan magana ne. Kari mai motsi yana jan kunne, yana gasa da mai magana, balle a harshe irin Hausa da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana. Dogon amo mai tsayawa wuri ɗaya yana kwanciya a ƙarƙashin zance ba ya taɓa shi. Williams yana magance wannan da gwanintar rubutu, ya rage kayan kiɗa, ya koma ƙasa ko sama da muryar ɗan wasa, ya saki karin a gaɓar da aka yi shiru. Wannan yana son ilimi da lokaci. Wanda bai kai nan ba, ya bar yankin hertz 1,000 zuwa 4,000 sakayau duk lokacin da ake magana, domin a nan baƙaƙen harshe suke fitowa.

Haka batun gyaran hoto. In darakta mai yawan canza ra'ayi ne, yau ya cire daƙiƙa uku gobe ya mayar da biyar, kiɗa mai maimaici yana jure wa almakashi, a cire gida ɗaya ba wanda zai sani. Kari mai kai da ƙafa kuwa in an cire masa gida ɗaya ya gurgunce, sai an sake rubutu. Mai bin Williams ya dage kada ya fara sai an kulle hoto, wato an gama gyaransa ba za a ƙara taɓa shi ba. Ga wani ɗan lissafi mai amfani ga duka biyun: in fim yana tafiya hoto 25 a daƙiƙa, gudun bugu 125 a minti yana ba da hoto 12 cif a kowane bugu, in kuma 24 ne, bugu 120 ke ba da haka. Wannan yana sauƙaƙa dacewar naushi ko tsalle da kan bugu.

Sai tsawon rai. Taken 1978 ya bi Superman zuwa finafinai uku da suka biyo baya a hannun wasu masu kiɗa, John Ottman ya dawo da shi a 2006, Danny Elfman ya saƙa shi cikin Justice League a 2017, aka kuma sake ɗaukarsa a fim ɗin James Gunn na 2025. Kari yana ƙaura, a kaɗa shi da jita ko sarewa ko murya yana nan shi ne. Sautin da aka gina a kan wata na'ura da wani ɗaki ya fi wuyar ƙaura. Shi kansa Zimmer, abin da ya fi kama bakin jama'a cikin kiɗansa na sadaukai shi ne wanda ya fi kusa da take: ɗan karin Wonder Woman mai bugu bakwai-bakwai da Tina Guo ta ja a celo mai lantarki, a fim ɗin Batman v Superman na 2016 da ya yi tare da mai kiɗa Junkie XL. Saboda haka mai shiri mai zango-zango, wanda yake so yara su riƙa rera kiɗan gwarzonsa a hanyar makaranta, bukatarsa take ce. Mai fim guda mai duhu, wanda gwarzonsa ke cikin shakka da ciwon rai, sauti biyu masu nauyi za su fi masa maci mai annuri, wanda zai zama ƙarya a kan irin wannan mutum.

Ga wanda kuɗinsa kaɗan ne kuma waya ce silimarsa, shawararmu ita ce ya yi tunani irin na Williams, ya yi gini da kayan Zimmer. Ya rubuta take na gida huɗu zuwa takwas, wanda sautukansa uku ko huɗu na farko za su iya tsayawa su kaɗai. Ya gwada shi da yatsa ɗaya a fiyano, in bai zauna a kai ba bayan ji biyu, ya sake. Ƙasan kiɗan, wato ganguna da bugun goge da amo, kwamfuta ta ɗauka. Karin kuwa a nemo mutum mai rai ya busa ko ya goga shi, ko da mutum ɗaya ne a gaban makirfo ɗaya. Mai begila daga bandin makaranta ko na 'yan sanda, in an ɗauke shi sau uku aka jera, ya fi tarin sauti mai tsada. A sa shi ya matsa taku ɗaya baya ko gefe a kowace ɗauka, don kada ukun su haɗe su zama siririyar murya guda.

In labarin na gida ne kuma ana son kayan kiɗan gida, darasin Zimmer na neman sautin da ya keɓanta da fim yana aiki sosai, amma da kiyaye abu uku. Kakaki da tambari na sarauta ne, in aka busa wa ɗan talaka kakaki, Bahaushe zai ji an naɗa shi, ko ana nufin haka ko ba a nufi ba. Gwarzon da ya fito daga cikin jama'a ya fi dacewa da kiɗan 'yan tauri, ko na maharba, ko kalangun dambe. Na biyu, kalangu magana yake yi, saboda haka a tambayi makaɗin abin da ya faɗa kafin a ɗora bugunsa a kan fitowa, kada a sa taken mahauta a ƙarƙashin mutuwar uwar jarumi. Na uku, algaita da goge da gurmi ba a ɗaure suke da ma'aunin fiyano ba. In aka fara gina kiɗa a kwamfuta sannan aka kira mai algaita, za a ji suna karo, a ƙarshe a matse sautinsa da na'urar gyaran murya har ya rasa ɗanɗanonsa. A fara ɗaukar makaɗin, a gano sautin da yake komawa kansa, sannan a murza ma'aunin kwamfuta ya same shi a can, a kuma taƙaita haɗin ƙasa zuwa do da so, waɗanda ba sa faɗa da abin da ke sama.

Kada kuma a yanko kiɗan ɗayansu a liƙa a fim, ko na ɗan lokaci ne wai kafin na gaske ya iso. YouTube tana gane faifan, kuɗin talla ya koma wajen masu haƙƙi ko a toshe bidiyon. Ko ba wannan, darakta da ya yi wata biyu yana kallon fim ɗinsa da gangunan Man of Steel a ƙarƙashi ba zai ƙara jin daɗin wani abu ba, sai ya tilasta wa mai kiɗa yin kwaikwayon da ba zai kai na asali ba. A ba edita zanen taken da ɗan bugun ƙasa tun makon farko, ko da na fiyano ne zalla, ya yanka hoto a kansa.